Logaridim Ba Dodo Ba Ne

Ina so in yi 'yar magana a kan wani darasi na lissafi wanda da yawa daga cikinmu muke gudu kamar kura ta ga sanda, wato logaridim. A ajinmu, da zarar malam ya rubuta "log" a allo, sai ka ga wasu sun fara hamma, wasu kuma sun nemi izinin zuwa shan ruwa. Ni ma da haka nake. Amma yanzu ra'ayina ya sake, kuma ina ganin kuskure ne babba mu yar da wannan darasi don kawai an sami kalkuleta.

Da farko, mene ne logaridim? Tambaya ce kurum: goma nawa za a jera a yi sau da su kafin a sami lamba kaza? Goma sau goma ɗari ne, to log 100 shi ne 2. Goma sau goma sau goma dubu ne, log 1,000 shi ne 3. In aka yi 100 sau 1,000 za a sami 100,000, wanda log ɗinsa 5 ne, wato 2 a tara da 3. Ka ga sau ya koma tarawa. Wannan ita ce doka ta farko. Ta biyu, rabawa takan koma ɗebewa. Ta uku, in an jera lamba ɗaya sau da yawa ana yin sau da ita, sai a ɗauki log ɗinta a yi sau da yawan jerin. Iyakar dodon ke nan, dokoki uku.

Wani mutumin ƙasar Sikotilan mai suna John Napier ne ya fito da wannan dabara a shekarar 1614, sa'an nan wani malami Baturen Ingila, Henry Briggs, ya gina ta a kan goma, ya buga babban jadawalinsa a 1624. Fiye da shekara ɗari uku matuƙan jirgin ruwa da masu nazarin taurari da injiniyoyi suna dogara da ita. Ƙaramin littafin jadawalin nan da yayyenmu suka shiga jarrabawa da shi jikan aikin Briggs ne.

To, wani zai ce, ai wancan zamani ya wuce. Abokina ya taɓa ce mini, "Kai, me zai sa in buɗe jadawali in ɓata minti biyar, alhali kalkuleta za ta ba ni amsa kafin ƙiftawar ido?" Gaskiyarsa a nan. Ba wanda zai yi lissafin kuɗin buhunan gero da jadawali a yau. Amma kalkuleta baiwa ce, abin da ka sa ta shi take yi. Ba ta san tambayar da ya kamata a yi ba.

Ga misali daga gidanmu. A shekarar 2024, lokacin da hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kawuna mai sayen hatsi a kasuwar Jibiya ya zauna yana tunanin ko ya ɓoye kuɗinsa ko ya zuba su a kaya. Na ce masa, "Kawu, in farashi ya ci gaba da hawa kashi 30 kowace shekara, ka san yaushe zai ninka?" Ya ce, "Yaro, ai sai Allah." Na ɗauki takarda na raba log 2 da log 1.3, wato 0.3010 a raba da 0.1139, na sami 2.64. Na ce masa, "Wajen shekara biyu da wata takwas, Kawu. Kuɗin da ke sayen tiya biyu yau, a lokacin tiya ɗaya za su saya." Ya yi shiru, ya dube ni, ya ce, "Ashe bokon nan naku yana shiga kasuwa." Doka ta uku ce ta ba ni wannan amsa. Mu da muke bakin iyaka, inda ake canjin naira da sefa kullum tsakanin Magama da Maraɗi, mun fi kowa bukatar sanin yadda kuɗi ke narkewa a hannu.

Na biyu, akwai maganar jarrabawa. A takardun WAEC da NECO akan ce a warware tambaya ba tare da jadawali ko kalkuleta ba. A nan wanda bai san dokokin ba zai ciji biro har a karɓe takarda. Kuma kowa ya sani, ba kiredit a lissafi, ƙofar yawancin kwasa-kwasai a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma a rufe take. Logaridim yana kuma jiran mu a kimiyya, don da shi ake auna tsamin ruwa da na ƙasar noma, da ƙarfin girgizar ƙasa, da ƙarar sauti.

Da yamma nakan zauna da ƙannena 'yan aji huɗu mu yi bita, kuma na lura kuskure ɗaya suke ta maimaitawa. Sukan ɗauka log na 2 a tara da 3 daidai yake da log 2 a tara da log 3. Ba na gardama da su, sai in ce su duba jadawali. Log 5 shi ne 0.6990. Log 2 da log 3 kuwa, 0.3010 da 0.4771, sun ba da 0.7781, wanda shi ne log 6. Wanda ya gani da idonsa sau ɗaya ba ya sake faɗawa ramin. Gani ya kori ji.

Saboda haka ina da roƙo uku. Malamanmu, don Allah a fara bayyana mana ma'anar abin da Hausa kafin a cika allo da dokoki, don haddar da ba fahimta ranar jarrabawa take gudu. 'Yan'uwana ɗalibai, mu riƙa yin tambaya biyar kullum, mu gwada kowace amsa da ƙananan lambobi. Da yayyafi kogi kan cika. Iyayenmu kuma, ku taimaka mana da littafin jadawali, ku bar mana sa'a ɗaya bayan sallar isha'i, maza da mata baki ɗaya, don sau da yawa 'yan'uwanmu mata ne aikin gida da talla ke cinye lokacinsu.