Kafin Auta Ya Karɓi Makullin Moto

Ƙanena, autanmu, shekararsa 17. Rani biyu ya yi yana aikin albasa wajen Galmi: dashe, ban ruwa, cira, ɗura buhu. Da aka gama cirar bana sai ga shi ɗakina da dare, ya zube kuɗi bisa tabarma, jaka 350, ya ce: "Yaya, gobe ka raka ni Ƙonni in sayi moto. Na ga wani 150, in ka ji kukanshi sai ka ce jirgi."

Na ce masa: "Auta, cikin kuɗin ga nawa ne na kaske? Nawa ne na takardu? Nawa ne na permi?"

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ya ce: "Haba Yaya, wa ka gani da permi garin ga? Waɗanda sunka girme ni ma ba su da shi."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar nan tasa ce ta sa nake wannan rubutu. Ra'ayina a taƙaice: kaske da takardu da permi suna cikin kuɗin moto, kamar yadda taya da inji suke ciki. Wanda kuɗinsa ya tsaya kan ƙarfen kaɗai, kuɗinsa bai cika ba tukuna, ya ƙara haƙuri. Kuma hukuma ita ma da nata laifin, don ta fi saurin kama yaro a hanya a kan ta sauƙaƙa masa samun takardar da take kama shi dominta.

Mu fara da hanyar da yaran nan suke hawa. Kwaltar da ta ratsa Malbaza ita ce babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni, ta wuce mu ta nufi Madawa, Maraɗi, Damagaram har Difa. Ga manyan motocin siminti, don tun shekarun 1960 ake siminti a garin nan. Ga kamyon albasa, ga bas-bas na dogon zango masu tafiya kamar ana korarsu. A Tsarnawa kuma hanyar Tawa ta haɗe da ita. Ga amalanken jaki, ga awaki, ga yara ƴan makaranta a gefe. Wannan hanya ce muke miƙa wa yaro makulli ya koyi tuƙi a kanta, alhali duk karatunsa bai wuce zagaye uku a filin ƙwallo ba, abokinsa na bayansa yana ce masa "sa giya, sa giya".

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Ta ce a duniya babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki asarar rayuka. Mu nan ba sai an kawo mana rahoto ba. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin Galmi ko na Ƙonni ya ga samari kwance da ƙarfe a ƙafa.

A unguwarmu akwai yaro ɗan shekara 15 da aka aika sayen ƙanƙara cikin azumi, dab da shan ruwa. Moton babansa ya ɗauka, ba kaske, ba madubi. Wajen hawa kwalta ya ture wata tsohuwa, shi kuma kansa ya daki ƙasa. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma har yau maganarsa ba ta dawo daidai ba, makaranta kuma ta tsaya. Moton ba shi da asiransi, don haka jinyar mutum biyu ta faɗo kan uban, sai da ya jinginar da gona. Aiken da bai kai dala 100 ba ne ya jawo duk wannan.

To, wane moto ya kamata matashi ya fara da shi?

Na farko, ƙaramin inji. 100, 110, ko in an matsa 125. Ya isa ya kai ka lakwal, ya kai ka garka, ya kai ka kasuwar Dogarawa ka dawo, kuma ba ya shan esansi da yawa. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya ga yadda kwalbar bakin hanya ta canza kuɗi. Babban inji a hannun sabon shiga fitina ne, don ɗan murɗawa kaɗan ya fi ƙarfin abin da hannunsa ya iya. Ku yi lissafin nan da kanku: mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Kafin ido ya ga akuya, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, ƙafa ta taka birki, ya riga ya ci wannan tazarar. Kuma in gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa yake sau huɗu.

Na biyu, ka hau ka zauna. In ƙafafunka biyu ba su taɓa ƙasa sosai ba, ba naka ba ne, ko da kuwa fentinsa ya tafi da hankalinka.

Na uku, ka sayi irin wanda kayan gyaransa suke a kowace rumfar makanike, irin su Haojue, Kasea ko Boxer da suka cika garuruwanmu. Moton da sai an aika Sakkwato neman ƙaramin ƙarfensa, rabin shekara jingine zai yi ta a zaure.

Na huɗu, in na hannu ne, ka tafi da makaniken da ka yarda da shi, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Ya duba birkin gaba da na baya, taya, sarƙa, fitila, sigina, da hayaƙin da yake fitarwa. Araha ba ta ado. Madubi kuma a bar shi inda kamfani ya sa shi. Wannan yayin na cire madubi wai don moto ya yi kyau, ni dai ban ga kyan da ya kai ganin kamyon da ke tahowa bayanka ba.

Sai takardu. Mu mutanen bakin iyaka ne, tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya taku kaɗan ne, kuma moto na ƙetarowa ta hanyoyi da yawa, har da na sata. Kafin ka ba da ko dala, ka duƙa ka karanta lambar shasi da ke jikin ƙarfen, ka gwada ta da wadda ke takardar duwan. In harafi guda ya saɓa, ka tashi ka bar wurin. A rubuta takardar ciniki da shaidu. Daga nan ka nemi kartagiris da sunanka, da lamba, da asiransi. Ranar da aka sace maka moto, ko ranar da wani ya zo ya ce nasa ne, takardun nan ne kaɗai bakinka.

Akwai wani dalilin kuma da ya shafe mu duka. A Difa an hana hawan moto a 2015 saboda matsalar tsaro, a yankin Tilaberi ma an hana a farkon 2020. A Kano an hana acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Su wa suka fi shan wahala a duk wuraren nan? Ƴan kabu-kabu, manoma, ƴan makaranta, masu kai mara lafiya asibiti. Idan motoci suka cika gari ba lamba, ba a san na wane da na wane ba, ranar da abu ya ɓaci hukuma kan yi wa kowa kuɗin goro. Lambar da ke bayan motonka tana cikin abin da za mu riƙe mu ce mu dai an san mu.

Asiransi kuwa mutane da yawa ba su gane aikinsa ba, suna ɗaukarsa takardar nuna wa jandarma. Aikinsa shi ne biyan wanda ka ji wa ciwo ko ka ɓata wa dukiya, don kada nauyin ya faɗo kan gonar babanka. Amma ku lura: a dokar asiransi ta CIMA, wadda Nijar ke cikinta, in wanda ke tuƙin bai kai shekaru ba ko ba shi da permi, kamfani na iya biyan wanda aka ture sannan ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa. Ka ga ke nan asiransi ba permi rabin kariya ne.

Permin moto ajinsa daban, ajin A, kuma doka ta sa masa shekarun farawa. Na san abin da za a ce: "Ai na iya tuƙi, me takarda za ta ƙara mini?" Iya tayar da moto da iya tafiya cikin mutane abu biyu ne. Tambayi abokanka na fada: wa ke da hanya in an haɗu a mararraba? Me farin layi marar yankewa a tsakiyar kwalta yake nufi? Ina direban babbar mota ba ya ganinka ko kana dab da shi? Da yawa ba su san birkin gaba ne ya fi tsayar da moto a kwalta ba, kuma shi ne ke kayar da mutum in an damƙe shi cikin rairayi. Irin wannan ilimin, ko dai a koya maka shi a zaune, ko hanya ta koya maka da jikinka.

Kaske kuma, na ji duk uzurin. Akwai zafi, gaskiya ne, wanda ya san watan Afrilu a Ƙonni ba zai musa ba. Wai yana ɓata aski, wai ƴan mata za su yi dariya. A watan Janairun 2009, da aka tilasta sa hular kwano a Najeriya, wasu ƴan acaɓa a Kano ƙwarya suka kifa a kai don su wuce jami'ai, duniya ta yi ta dariya. Mu ma muna da irin tamu ƙwaryar: hular leburori ta wurin gini, ko kaske a rataye a hannu sai an hango shinge. Hular gini an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama. Kasken moto na gaske yana da soso mai tauri a ciki wanda ke shanye bugu, yana da igiyar da ake ɗaurewa a haɓa, kuma in ya sha bugu mai ƙarfi sau ɗaya ya gama aiki, sai a canza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sa kaske yadda ya kamata na rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6, yana kuma rage raunin ƙwaƙwalwa har kashi 74 cikin 100. Masu cewa "in kwana ya ƙare ya ƙare", haka ne, amma malamanmu sun karantar da mu a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali.

Yanzu bari in juya ga hukuma, don in na tsaya kan matasa kaɗai ban yi adalci ba. Yaron da ya tara kuɗinsa da gumin albasa ba ɗan iska ba ne. Makarantun koyon tuƙi a manyan garuruwa suka fi yawa, hankalinsu na kan masu mota, darasin kuma da Faransanci. Yaron ƙauye da bai yi nisa a lakwal ba, in ya lissafa kuɗin mota da na kwana da na takardu, sai ya ga gara ya riƙa ba da ɗan na goro a shinge. Haka ake renon cin hanci, mu da kanmu.

Abin da nake ganin ya kamata mu nema, da murya ɗaya, daga ma'aikatar sufuri da hukumar kiyaye haɗurra ANISER da hukumomin garuruwanmu:

A riƙa kawo jarrabawar permin moto Malbaza, Ƙonni da Illela a ranakun da aka sanar tun da wuri.

A yi darasi da jarrabawa da Hausa, da baki, ga wanda bai iya karatun boko ba.

A liƙa kuɗin kowace takarda a bango inda kowa zai gani, a kuma sanar a rediyon gari. Duk dalar da aka karɓa a ba da rasit.

A koyar da dokar hanya a kolej da lise, a shigar da ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu cikin aikin, don su ne suka fi kowa sanin hanyar.

A sa ido kan kasken da ake shigowa da shi, don wani roba ce kawai da fenti.

Iyaye da yayye, saura mu. Yaro ɗan shekara 12 ba ya sayen moto da kansa, mu ne muke miƙa masa makulli don muna ƙyuyar tashi. Mu daina. In aike ne, ga keke, ga ƙafa.

Ni da Auta mun yi kwana uku ba ya gaishe ni da kyau. Inna ce ta raba gardamar, ta ce masa: "Auta, ni ban hana ka moto ba. Amma wanda ya kai ka shi nika so ya maido min kai." Daga ƙarshe mun je Ƙonni tare da makanikenmu, mun sayi 110 na hannu mai takardar duwan, lambar shasi ta dace. Mun sayi kaske biyu, don duk wanda zai goya shi ma kai gare shi. Sauran kuɗin na takardu ne, na cika masa abin da ya rage. Sharaɗinmu guda: yana koyo a fili da yamma, amma ba zai hau kwalta ba sai ranar da permi ya shigo hannunsa. Abokansa na fada suna ta yi masa tsiya, wai ya sayi moto ya ajiye kamar amarya. Jiya na ji yana ce musu su yi ta yi.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.