Kada Mu Daka Iri Don Tuwon Dare: Magana Kan Tsofaffin Kaset Ɗin Bidiyo



Yawancinmu ba a haife mu ba lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na kaset. Amma mun tashi mun tarar da kaset ɗin VHS a gidajenmu, daga Dambatta zuwa Makoɗa, daga Bichi zuwa Kunci da Minjibir, wasu a cikin adaka, wasu a kwali a ƙarƙashin gado. A cikinsu akwai finafinan da aka ciro daga littattafai, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. Akwai kuma waɗanda babu kwafinsu a ko'ina sai a gida ɗaya: bikin aure, saukar Alƙur'ani, naɗin dagaci, dambe bayan kaka, wasan kwaikwayo na 'yan makaranta.

Yanzu matasa sun fara juye waɗannan kaset zuwa kwamfuta da waya, abin a yaba ne. Damuwarmu ita ce saitin da ake zaɓa. Sau da yawa burin mai juyewa shi ne fayil ɗin ya yi ƙanƙanta yadda zai shiga memori ko ya wuce ta WhatsApp, daga nan a yar da kaset ɗin. Manomin yankinmu ba ya yin haka da hatsinsa. Tun a gona yake ware zangarniyar da ta fi ƙosawa ya ajiye ta iri, sauran a kai turmi. Ra'ayinmu shi ne juyin farko ya zama iri: a kwashe duk abin da zaren ke ɗauke da shi, ba ragi. Ƙaramin kwafi na kallo a waya a cire shi daga baya, sau nawa ake so.

Dalilin gaggawa a fili yake. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya sun yi gargaɗin cewa zuwa wajen 2025 samun na'urorin kunna irin waɗannan kaset zai yi wuya ƙwarai. Ga zafin ɗakin kwano a bazara, ga danshin damina mai kawo fumfuna, ga ƙurar hunturu. Kaset ɗin da ya shekara 25 a irin wannan yanayi yana iya yarda a kunna shi sau ɗaya, a na biyu zaren ya tsinke ko ya naɗe. Wanda ya ɓata wannan dama da saiti mara kyau ba lallai ya samu wata ba.

Ko ƙasashen da suka fi mu kayan aiki sun ɗanɗana wannan. A 1986 BBC ta tattara hotuna da bayanan rayuwar Birtaniya a kan faifan LaserDisc, don cikar shekara 900 da rubuta wani tsohon kundin ƙidaya na 1086. Ba a yi shekara 20 ba sai da aka shiga aikin ceto, saboda na'urorin karanta faifan sun yi ƙaranci, alhali kundin da aka rubuta da hannu yana nan ana karanta shi. LaserDisc bai samu gindin zama a wajenmu ba, amma abin da ya same shi shi ke jiran VHS ɗinmu.

To, wane saiti ya kamata mu nema? Ba sai mun zama injiniyoyi ba, mu dai san abin da za mu ce wa mai shago.

Na farko, girman hoto. Nijeriya tana kan tsarin talabijin na PAL, don haka a ɗauka a kan 720 da 576, hoto 25 a daƙiƙa. Idan manhaja ta zo da saitin Amurka, wato 720 da 480, a canza. Kada a yarda da 352 da 288, wanda shi ne girman VCD. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ɗigon hoton. Haka nan kumbura hoton zuwa HD a lokacin ɗauka ba ya ƙara komai sai nauyi.

Na biyu, saƙar hoton. A tsohon tsarin talabijin kowane hoto rabi biyu ne: layi na 1, 3, 5 su fara fitowa, sannan na 2, 4, 6, wato rabi 50 a daƙiƙa. A bar su yadda suke a fayil na iri. Idan aka haɗe su tun farko, ko aka zubar da rabi, motsin hannun makaɗi da ƙafar ɗan dambe ba za su koma daidai ba har abada.

Na uku, siffa. Hoton VHS 4:3 ne, kusan murabba'i. Kada a ja shi ya cika faffaɗan allo, har kakanninmu su koma gajeru masu faɗin fuska.

Na huɗu, haske. An ɗauki yawancin bukukuwanmu ko dai a ɗaki mai duhu ko a tsakar rana. Idan aka danne baƙi, fuskokin mutane sun narke cikin duhu; idan aka ɗaga fari, aikin wuyan babbar riga da naɗin rawani sun shafe. A saita yadda duhu da haske duka za su tsira, gyaran launi ya jira kwafi na biyu.

Na biyar, matsewa. Hoton da ba a matse ba yana cin kusan gigabait 75 a awa. Akwai tsarin FFV1, kyauta ne, ana zuba shi a fayil ɗin MKV, yana rage nauyin zuwa wajen rabi ko ƙasa ba tare da ya zubar da ko ɗigo ɗaya ba, kuma manyan ɗakunan adana tarihi suna amfani da shi. Idan hali bai kai ba, tsarin DV mai cin kusan gigabait 13 a awa ya fi ƙaramin MP4 nesa ba kusa ba.

Na shida, sauti, kuma a nan ne mu marubuta muka fi da ruwa da tsaki. A ɗauka a kan 48 kHz, bit 16 ko 24, ba tare da matsewa ba, kuma kada a ƙure ƙara har murya ta fashe. A cikin wannan sautin ne kirarin maroƙi yake, da guɗa, da yadda tsofaffin ƙauyenmu ke furta kalmomin da mu yanzu sai a ƙamus muke ganinsu.

Kayan aiki ma suna da tasiri. Na'urar da ke da mafitar S-Video ta fi mai jan waya da rawaya tsabtar hoto, kuma idan an samu mai TBC, abin da ke hana hoto rawa da karkacewa, an dace. A ɓalle ɗan haƙorin da ke bayan kaset don kada a yi ɗauka a kansa bisa kuskure. Kaset ɗin da aka hango farin fumfuna a zarensa kada a sa shi a na'ura sai an tsabtace shi, don zai ɓata ta ya shafa wa na bayansa. A yi aikin da batirin sola, kada wuta ta ɗauke zare yana tsakiyar tafiya. Faifan VCD kuwa tuni na kwamfuta ne, a kwafe fayilolinsa kai tsaye.

Mun san abin da wani zai ce: hoton VHS dama can dishi-dishi ne, me zai sa a kashe kuɗi a kansa? Ai dishi-dishin ne ya sa ba ya jure matsi, domin manhaja tana ruɗewa tsakanin ƙurar hoto da hoton kansa, sai fuska ta koma dabbare-dabbare. Batun kuɗi kuma gaskiya ne, rumbun ajiya na kwamfuta yana da tsada. Amma mai terabait 2 zai ɗauki wajen awa 150 a tsarin DV. Abin da ya gagari mutum ɗaya ba zai gagari ƙungiya ba idan aka yi karo-karo, kuma sai a fara da kaset ɗin da babu irinsa a wani wuri. Araha dai ba ta ado.

Muna da misali a gida. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. A 2016 aka gano asalin zarensa, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Da guntun kwafi mara kyau kaɗai ya rage, da babu abin da za a gyara. Saboda haka ko bayan an juye, kada a yar da kaset. A jera shi a tsaye, nesa da ƙasa da zafi da lasifika.

Sauran aikin namu ne na masu alƙalami. Fayil mara suna maraya ne. A rubuta garin, da shekarar, da sunan taron, da waɗanda ke ciki, tun masu gane fuskokin suna raye. A ajiye kwafi aƙalla biyu a gidaje daban-daban. Sannan a riƙe amana: kaset ɗin biki yana ɗauke da iyayenmu mata a cikin gida, ba a ɗora shi a Facebook sai da yardar masu shi, fim kuma yana da masu haƙƙinsa.

Aikin wannan mako ga kowane ɗan zaure shi ne ya tambayi gidansu da maƙwabta, ya rubuto mana adadin kaset ɗin da ya samu, da abin da ke rubuce a jikinsu, da halin da suke ciki. Wanda ya san inda na'urar VHS mai lafiya take, ko mai gyaran da ya iya ta, ya sanar da mu. Daga nan sai mu san inda za mu fara.

Allah ya yi mana jagora, ya jiƙan magabatanmu.