Waken Mung A Panjab: Ƙasa Ta Karɓa, Ina Mai Saye?

Wannan mako za mu kai ku Jihar Panjab ta ƙasar Indiya, domin akwai zancen noma a can wanda ya cancanci mu auna shi.

Tun shekarun 1970 manoman Panjab suka kama abu biyu kawai: alkama da sanyi, shinkafa da damina. Rumbu ya cika, gaskiya ne, amma ƙasa ta gaji, ruwan rijiya kuma ya yi ta nisa, har a 2009 gwamnatinsu ta yi doka ta hana dashen shinkafa da wuri.

To, tsakanin girbin alkama a watan Afrilu da dashen shinkafa wajen ƙarshen Yuni, gona tana zaune banza. A nan ne malaman Jami'ar Noma ta Ludhiana suka ce a shuka mung, wato wani ɗan koren wake, ɗan'uwan namu waken. Irinsu mai suna SML 668 yana nuna cikin kwana 60 ko kusa da haka. A saiwarsa akwai 'yan ƙulle-ƙulle inda wasu ƙwayoyin halitta suke jawo naitirojin daga iska, abin nan da muke zuba kuɗi mu sayi takin yuriya dominsa. In an tsinke 'ya'yan aka binne ganyen, shinkafar da za ta biyo baya ba ta bukatar taki kamar da. Amma fa sai an ba shi ruwa cikin zafin bazara, in kuma damina ta riske shi bai bushe ba, an yi hasara.

Ga inda gizo yake saƙa. A 2022 gwamnatin Bhagwant Mann ta yi shela za ta sayi mung a kan rupi 7,275 kowane kilo 100. Manoma suka ji, suka shuka. Da kaka ta zo, sai ma'auna na gwamnati suka yi ta cewa wannan da danshi, wancan bai kai ba, mafi yawan amfanin ya tafi hannun dillalai a ƙasa da kuɗin da aka yi alkawari. Haba jama'a! Wanda aka yi wa haka, da wane baki za a ce masa ya sake shukawa baɗi?

Mu ma a Kadawa ana girbe alkamar rani wajen Maris, gona ta jira damina. Duk ran da malamin gona ya zo mana da wake mai nuna da wuri, mu karɓa, amma mu tambaye shi tun kafin shuka: wa zai saya, nawa ne mudu, a wace kasuwa? Ku kuma 'yan kasuwa, ku zo taron a yi tambayar a gabanku.