Ku fito a ƙwato filin Brockwell

Jama'ar kudancin Landan, musamman 'yan'uwa mazauna Brixton da Herne Hill da Tulse Hill, na zo muku da maganar filin shaƙatawa na Brockwell, wanda aka buɗe wa jama'a tun 1892, ga shi yanzu kowace shekara sai an killace tsakiyarsa don bukukuwan kiɗa an ce sai mai tikiti.

Duk wanda ya shekara a ƙasar nan ya san darajar watan Mayu. Ka sha duhu da sanyin hunturu wata da watanni, kana takure a hawa na takwas da yara uku, babu tsakar gida balle inuwar bishiya. Rana na fara leƙowa, ka ce bari a kai yara su miƙe ƙafa, sai ka tarar manyan motoci sun riga ka. An kafa doguwar katangar ƙarfe wadda ba ka ganin abin da ke bayanta, an shimfiɗa faranti a kan ciyawa don tireloli su bi, janareto na ta ruri. Uwa ta turo keken jariri ta hanyar da ta saba, mai gadi ya nuna mata ta zagaya. Dattijon da likita ya ce ya riƙa tattaki ya tsaya yana kallon shinge. Mai gida da lambu a baya ba ruwansa da wannan. Talaka ne filin nan ya zame wa tsakar gida, kuma shi aka fara kora.

Kada a ce muna ƙin kiɗa. 'Ya'yanmu ma suna zuwa bukukuwan Cross the Tracks da City Splash da ake yi a filin, kuma mun san daga 2010 gwamnati ta rage wa ƙananan hukumomi kuɗi, har suka koma neman na cefane ta kowace kafa. To amma a yi lissafin gaskiya. Ana cewa biki na 'yan kwanaki ne, alhali kafa dandamali da kwance shi suna cin makonni. Bayan an kwashe kaya kuma sai jinyar ƙasa. Wanda ya ga filin a 2024 ba ya buƙatar labari: ruwan sama ya haɗu da dubban ƙafafu, ciyawa ta koma caɓi, har aka soke Brockwell Bounce, bikin yara na kyauta. Masu tikiti sun yi rawarsu sun watse, yaran unguwa suka biya.

Lissafin kwanakin nan ne ya kai magana gaban alƙali. Dokar tsara gari ta Ingila ta yarda a sauya amfanin fili na wucin gadi har kwana 28 a shekara ba tare da neman cikakken izini ba. Mazauna unguwa, ƙarƙashin ƙungiyar Protect Brockwell Park, suka ƙirga suka ga kwana 37. Suka yi karo-karo suka shigar da ƙara, kuma a watan Mayun 2025 Babbar Kotu ta ce ƙaramar hukumar Lambeth, mai kula da filin, ta yi kuskure wajen ba da takardar amincewa da bukukuwan. Duk da haka bukukuwan shekarar sun gudana, don haka kada wani ya naɗe tabarma ya ce an gama.

Ku dubi arewacin birni. A 2014 bikin Wireless ya tare a filin Finsbury, mazauna wurin suka je kotu suka sha kaye, sannan a 2023 ƙaramar hukumar Haringey, mai kula da filin, ta ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da masu shirya shi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shirunmu. Muna biyan harajin hukuma kamar kowa, amma ranar taron jin ra'ayi ba a ganin fuskokinmu, sai gunaguni a WhatsApp. Kansilan unguwarku yana da ranar ganawa da jama'a, ku je ku same shi. Ku tambaye shi nawa ake karɓa, nawa ke komawa gyaran filin, kwana nawa katanga za ta tsaya daga ranar kafawa zuwa ranar da yaro zai sake buga ƙwallo a wurin. Idan aka manna sanarwar neman izini a ƙofar fili, ku rubuta ƙorafi da sunanku kafin wa'adi ya cika. Limamai da shugabannin ƙungiyoyi, ku sanar bayan sallar Juma'a. Iyaye mata, ku da kuka fi kowa sanin filin, ku zo da maƙwabtanku, ku zauna a sahun gaba.