Kuɗin Tallafin Naƙasassu: Ina Rabon Masu Tawayar Ƙwaƙwalwa?

Duk lokacin da aka yi shelar rabon kayan tallafi ga naƙasassu, abin da muke gani shi ne kekunan guragu, sandunan makafi da buhunan shinkafa. Wannan abu ne mai kyau. Amma akwai waɗanda ba sa zuwa layin ko kaɗan, domin suna can ƙuryar ɗaki an rufe su. Ina nufin masu tawayar ƙwaƙwalwa tun daga yarinta, waɗanda wasu ke kira galahanga, wasu kuma dolaye. Ra'ayina shi ne, muddin ba a ware musu kasonsu daban ba, kuɗin zai yi ta wuce su.

Bari mu fara da asalin lalurar, gama da yawa a cikinmu har gobe suna ɗora ta a kan maita ko zunubin iyaye. Likitoci sun nuna cewa doguwar naƙuda, shawara mai tsanani a kwanakin farko na jariri, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa duk suna iya jawo ta. Akwai kuma wadda ake haihuwar yaro da ita, kamar lalurar Down, wadda ke samun kusan jariri ɗaya cikin 1,000. A shekarar 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, ta kuma lahanta ƙwaƙwalwar wasu da suka rayu. Waɗannan yara yau samari ne da 'yan mata da suka isa neman abin kansu.

To, me doka ta ce? A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu. Dokar ta tanadi ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta hana yin bara da naƙasasshe, ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama naƙasassu. Mutumin da ya nuna bambanci zai biya tarar Naira 100,000 ko ya sha ɗaurin wata shida, kamfani kuwa Naira miliyan ɗaya. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa, James Lalu ya fara riƙe ta, a 2024 kuma aka naɗa Ayuba Gufwan.

Doka ce mai kyau, amma mu dubi inda gizo ke saƙa. Aikin gwamnati yana bukatar takardar shaidar karatu. Gurgu ko makaho mai digiri zai iya neman kujerarsa cikin wannan kashi 5. Saurayin da bai iya rubuta sunansa ba fa? Haka nan rancen sana'a: sai an cika fom, a buɗe asusun banki, a kawo mai tsaya wa mutum. Ko a ƙungiyoyin naƙasassu, makafi da kurame da guragu suna da shugabanni masu magana da bakinsu, amma mai tawayar ƙwaƙwalwa sai dai uwarsa ta yi magana dominsa, ita kuwa tana gida tana tsaronsa.

Ba wai ba sa iya aiki ba ne. Da yawansu suna iya kiwon kaji da awaki, ban ruwa a lambu, tsintar wake, ƙulla kaya a leda, wanki da shara. Wasu ma sun fi mu jimrewa a aikin da ake maimaitawa kullum. Bambancin shi ne lokaci. Abin da wani zai koya a wata uku, shi yana iya ɗaukar shekara biyu, kuma sai an tsinka masa aikin daki-daki, ana nuna masa yau da gobe. Saboda haka horon mako biyu da ake gamawa a miƙa keken ɗinki a ɗauki hoto ba ya amfanarsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 abinci ya yi tsada, ba abin mamaki ba ne iyali su sayar da keken su sayi masara.

A ganina hanya uku ya kamata kuɗin ya bi. Na farko, a riƙa biyan mai sana'ar da ya yarda ya riƙe yaron a shagonsa ko gonarsa, wata-wata, har ya ƙware. Na biyu, a ɗauki mai rakiya wanda zai riƙa zagayawa yana duba yara biyar ko shida a wuraren aikinsu, yana sasanta su da iyayen gidansu, yana kuma tabbatar da ba a cuce su a lada ba. Na uku, a ba uwa ko mai riƙo jari tare da yaron, da sharaɗin cewa yana da hannu a aikin da kuma rabo a ribar. Majalisun jihohi su nemi a rubuta wannan kaso da sunansa a kasafin kuɗi, a kuma bayyana mutum nawa ya kai gare su a ƙarshen shekara.

Mu ma a Ikkilisiya muna da abin yi. A 1953 mishan ta buɗe makarantar makafi a Gindiri, a zamanin da mutane ke ganin makaho ba shi da sana'a sai bara. Yau akwai makafi malamai da lauyoyi. Dattawa da zumuntar mata za su iya ƙirga masu wannan lalura a gundumarsu, su ware wani abu daga baikon taimako, su roƙi membobi masu shago da gona kowa ya ɗauki ɗaya.

Tambayar da ke hana iyayen nan barci ita ce, wa zai ci da shi bayan ransu? Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun iyayen suna da rai ya kamata yaron ya sami abin yi da mutanen da suka saba da shi. Ubangiji ya ba shugabanninmu da mu kanmu zuciyar yin haka. Amin.