DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: A DAINA ZUBAR DA JAN BULO

Tun watan Nuwamba na 2024 da aka ƙulla sulhu a ƙasar Birnin Gwari, har aka sake buɗe kasuwar shanu, babban aikin da ke gaban magidanta a Kakangi da ƙauyukanta shi ne tada gidajen da suka zube a shekarun tashin hankali. Wanda ya tada bango kuwa tilas ya yi tunanin daɓe, ga shi siminti ya yi tsada. A watan Fabrairu na 2024 sai da Gwamnatin Tarayya ta zauna da masu kamfanoni kafin a tsayar da buhu tsakanin Naira 7,000 da 8,000.

Saboda haka ya kamata mai gini ya dubi abin da ke zube a ƙofar gidansa, wato tsohon jan bulo da tsingaron tukwane da randuna, waɗanda ake kwashewa zuwa juji. Gasasshen yumɓu ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, ba ya kuma gumi ko santsi irin na tayil mai ƙyalli.

Wannan ba baƙuwar dabara ba ce. A birnin Ife, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, an daɓe tsakar gidaje da tsingaro jere a tsaye, har yau kuma ana ganin sauransa. A Faransa kuwa akwai 'yan kasuwa da sana'arsu ke nan, su ɓamɓaro tayil ɗin yumɓu daga tsofaffin gidaje su sayar da daraja.

Sai dai zaɓe yana da ƙa'ida. A ƙwanƙwasa kowane bulo da ƙarfe: wanda ya gasu sosai zai yi ƙara garau, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Wanda ya yi farin gishiri a jikinsa, ko ya fito daga makewayi, a ajiye shi gefe. A ware su bisa kauri, a shimfiɗa a kan yashi da marmara da aka daddage, sannan a shafe da ruwan makuba, kamar yadda mata suka saba gama daɓe.

Akwai kuma ribar da ta wuce ta aljihu. Gasa sabon bulo yana cin itace mai yawa, kuma dajin wannan yanki, inda Gandun Kamuku yake, ya riga ya sha gatarin masu gawayi. Bulon da aka gasa tun da daɗewa ba ya bukatar a sare ko reshe ɗaya.

Amma fa a yi hattara. Tsince kayan ginin da ya rushe daban, tonon kufai daban. A Jihar Kaduna aka gano gumakan yumɓu na Nok, kuma dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana cinikin irin waɗannan kaya ba da izini ba.

Ya rage ga Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari ta umurci 'yan kwangilarta su ware bulon da ke da sauran amfani duk lokacin da za a rushe tsohon aji ko ofis, a ba mabukata. Ɗaliban makarantun fasaha kuma su koyi aikin daga bakin tsofaffin magina tun suna raye. Allah Ya zaunar da ƙasa lafiya.