Madubin da Ke Ganin Kowa a Ɗaki

Madubin ɗakinmu ya fashe tun farkon zangon nan. Mu shida ne a ɗakin, kowa ta ce ba ita ba ce, aka yi ta maganar karo-karo har maganar ta bi ruwa. Daga nan kowa ta kama dabararta. Masu wayar kirki suna buɗe kyamarar gaba. Ɗaya daga cikinmu kuwa gilashin wayarta ya tsattsage, sai ta gano wani shafi a intanet wanda da ka buɗe shi a burauza, ka danna Allow, fuskarka za ta cika allon laftof ɗin tamkar madubi. Ga girma, ga haske ko da an ɗauke wuta.

Wata Litinin da safe, ana ta hanzarin lakcar ƙarfe takwas, na ɗaga kai na gan ta zaune gaban laftof, kai ba ɗankwali, tana shafa hoda. A bayanta wata ta shigo daga wanka da ɗaurin ƙirji, wata kuma tana canza riga a bakin gado. Dukansu uku ina ganinsu a allon. Na ce, "Ke 'yar'uwa, kin san ko shafin waye wannan?" Ta ce, "To miye nawa da mai shi? Madubi ne fa."

Amsar nan tata ce ta sa na zauna rubuta wannan, domin a ganina abin ba madubi ba ne, kuma sunan da aka laƙaba masa shi ne babban haɗarinsa.

Kimiyyar kwamfuta nake karantawa, ina shekarar ƙarshe ta difloma, kuma na taɓa haɗa irin wannan shafi da hannuna lokacin da muke koyon gina shafukan intanet. Wallahi ba wani aiki ba ne. Shafin zai roƙi burauza ta ba shi kyamara ta wata hanya da ake kira getUserMedia, burauza ta tambaye ka, in ka yarda sai hoton ya riƙa zubowa cikin shafin. Layi ɗaya kuma ya juya shi, dama ta koma hagu, don ya yi kama da madubi. Shi ke nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da ƙarin 'yan layuka kaɗan, shafin nan zai iya ɗaukar hoto duk bayan daƙiƙa biyar ya aika wa mai shi, kuma burauza ba za ta sake tambayarka ba. Izini ɗaya ne: ka yarda shafin ya ga abin da kyamara ke gani. Abin da zai yi da shi bayan nan ya rage tsakanin mai shafin da Allah.

Ban ce duk masu irin waɗannan shafuka ɓarayi ba ne. Na yi imani da yawansu tallar da ke gefe kawai suke ci, hoton ma ba ya barin na'urarka. Damuwata ita ce mai amfani ba shi da hanyar bambance na kirki da na banza da ido. Wasu za su ce ai adireshin ya fara da https, saboda haka akwai tsaro. Tun ƙarshen 2015 Chrome ya daina bai wa shafin da ba shi da https damar taɓa kyamara, don haka kowane shafin madubi da ya yi maka aiki yana da shi, na kirki da na banza. Shi https kamar ambulan ne da aka liƙe: ɗan aike ba zai karanta wasiƙar a hanya ba, amma wanda aka aika wa zai buɗe ya karanta. Mu kuwa wanda aka aika wa ɗin ne ba mu sani ba.

Da na yi wa ƙawar tawa wannan bayani sai ta ce, "Ke dai kin cika tsoro. Ba ga shi muna kiran bidiyo a WhatsApp kullum ba? TikTok fa?" Gaskiyarta, su ma kyamarar suke amfani da ita. Amma kafin ta ɗaga kiran bidiyo sai ta jawo gyale, ta ce mana, "Ku matsa, zan yi waya." Ta san akwai ido a ɗaya ɓangaren. Gaban madubi kuwa mutum ba ya jin kunyar kowa. Nan ake matse ƙurji, nan ake tsefe kai, nan ake gwada kayan da ba a fita da su. Duk wanda ya sa wa kyamara suna madubi ya samu shiga inda ko ƙaninka sai ya yi sallama.

Kada a ɗauka tatsuniya ce. A 2010 an yi wata shari'a a jihar Pennsylvania ta Amurka, inda aka gano hukumar makarantun yankin Lower Merion ta ɗauki hotuna sama da 56,000 ta laftof ɗin da ta raba wa ɗalibai, wasu na kyamara wasu na allo, har da na yara a gidajen iyayensu. Ƙarshe sai da ta biya dala 610,000 aka sasanta. Ba ta burauza aka yi wannan ba, wata manhaja ce aka saka a ciki, amma ta nuna abin da kan faru idan kyamara tana ɗaki, makullinta yana hannun wani. A 2016 kuma an ga hoton Mark Zuckerberg, mai Facebook, da salatef liƙe a kan kyamarar laftof ɗinsa. Idan wanda ya san cikin harkar ya rufe tasa, ni 'yar ND II mene ne nawa na yin jarumta?

Kuma mu a nan abin ya fi nauyi. Kowa a makarantar nan ya san abin da hoto ɗaya na mace ba sutura zai iya jawowa idan ya shiga gurup. Ba wanda zai tsaya tambayar yadda aka ɗauke shi. Ana iya fasa aure, uba ya ce karatun ya isa haka. Maza ma ba su tsira ba, don masu karɓar kuɗi da barazanar sakin hoto ba sa zaɓe. E, Nijeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a 2023, akwai kuma hukumar da ke kula da ita. Amma shafin da ba ka san mai shi ba, ba ka san ƙasar da yake ba, wa za ka kai ƙara? Sannan su biyun da ke bayan ƙawata ranar nan, su ba su danna Allow ba, ba wanda ya nemi yardarsu. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Bari in ɗan ratse: ko a matsayin madubin ma, kyamara ba ta da gaskiya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari. To ga ki nan kin kafa fuska dab da allo kina jin haushin hancin da ba haka yake ba. Wasu wayoyin kuma su goge fata, su ƙara haske, ki fita rana hoda ta yi miki yawa ba ki sani ba. Na san masu neman man bilicin saboda fuskar da waya ta nuna musu.

Ban ce a daina ba gaba ɗaya, don ni ma ranar da zan gabatar da rahoton SIWES a waya na gyara hijabina a bakin ofis. Amma in dole ne, manhajar kyamarar da ta zo da wayar ko laftof ɗin ta fi, tunda ba sai an buɗe shafin baƙo ba. In kuma shafin za a buɗe, a kashe data da zarar ya buɗe. Madubin zai ci gaba da aiki, don hoton daga na'urarka yake fitowa. Wannan ma ragin haɗari ne kawai, mai wayo zai iya ajiye hoton ya aika daga baya. A juya baya ga bango, kada a juya shi ga 'yan ɗaki. In an gama, a taɓa alamar da ke gefen adireshin a cire izinin, saboda burauza kan riƙe shi, gobe shafin ya kunna kyamara ba tambaya. A kuma kula da ɗigon kore: iPhone tun 2020, Android kuma daga na 12 zuwa sama, suna nuna shi a saman allo duk lokacin da kyamara ke aiki. In kin gan shi ba ke kika kunna ba, akwai magana. Kwamfutar shagon intanet ko ta aro kuwa, kada ma a fara.

Ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai, roƙona ƙarami ne. A cikin kuɗin da muke biya duk shekara a fitar da na madubin bango, a kafa a kowane layi na ɗakunan kwana, na mata da na maza, da kusoshi yadda ba mai ɗauke shi. Lokacin tarbar sababbin ɗalibai kuma a ware ko minti goma ne wani daga sashenmu ya nuna musu yadda ake duba izinin kyamara a waya. Ni na yarda in yi kafin in bar makarantar nan.

Mu dai a ɗakinmu mun yi karo-karon a makon da ya wuce, mutum biyar suka biya, ta shida ta ce sai an turo mata daga gida. An rataye madubin bayan ƙofa. Laftof ɗin ƙawata kuwa ni na liƙa masa salatef, ta ce na ɓata mata shi, amma har yau ba ta cire ba.